Wuta Daga Kashin Shanu

Jama'a, itace ya yi wuya. A ƙauyuka da yawa yanzu mata da karan dawa da busasshen kashin shanu su ke girki. To, ko wace kandilo aka jefa a murhu, taki ne aka hana gona. Akwai dabarar da za a ci riba biyu, watau a sami wuta, taki kuma bai salwanta ba.

Ga yadda abin ya ke. In aka dama ɗanyen kashin shanu da ruwa, garwa ɗaya ta kashi garwa ɗaya ta ruwa, aka zuba cikin rami ginanne da siminti, aka rufe ruf yadda iska ba ta shiga, sai waɗansu ƙwayoyi da ido ba ya gani su yi ta cinsa. Suna ci suna fid da gas, wanda fiye da rabinsa mai kama wuta ne. Sai a jawo shi da bututu zuwa murhu. Harshensa shuɗi ne, ba hayaƙi, ba ya baƙanta tukunya. Mutanen Indiya sun daɗe da wannan. Tun cikin shekarun 1950 wani mutum nasu, Jashbhai Patel, ya tsara irin mai gangar ƙarfe a kife, gas na taruwa tana tasowa. A Sakkwato ma cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yi aiki a kai.

Kilo 25 na ɗanyen kashi, abin da shanu biyu ko uku ke yi a yini, ya kan ba da wutar kamar awa biyu. Nan ne gizo ke saƙa, don shanun da ke yawo a daji can su ke zubar da nasu. Mai shanun huɗa a turke, wanda rijiya ke kusa da shi, shi abin ya fi wa amfani. Wanda ke sayen ruwa da rani kuwa, ni dai ban ba shi shawara ba.

Zubin fari sai an yi haƙurin makonni kafin gas ya kankama, da hunturu kuma ya kan ragu, gama ƙwayoyin nan zafi su ke so. Kada a bar yashi ko ruwan sabulu su shiga. Kada kowa ya kuskura ya sauka ramin ko ya leƙa da aci-balbal.

Abin da ya malalo ta ɗaya bakin taki ne ruɓaɓɓe, ba wari sosai. A tara shi a inuwa, a kai gona gab da shuka.