Mene Ne Littattafan Yaƙi?

Masu sayar da littattafan hira a Kano sukan ware na soyayya daban, na yaƙi daban. Na yaƙin labarai ne na sadaukai, matsafa, aljanu da takubban sihiri, ana fitar da su kashi-kashi, a yanke labari ana tsakiyar gumurzu don mai karatu ya nemi na gaba. Salon ba sabo ba ne: Ganɗoki na Bello Kagara ya fito tun 1934. Abdul'aziz Sani Madakin Gini ne ya shahara da dogayensu, irin su Mazan Jiya.

A ƙauyukan Bagwai, kusa da madatsar Watari, akan yi aron littafi hannu zuwa hannu har bangonsa ya cire, a kwana ana musun wane jarumi ya fi ƙarfi. Yanzu da yawa a waya suke sauraron littattafan.