Ina Ruwan Lagireto Ya Ke Tafiya?

A hutun da ya wuce na sauka wurin kawuna a Fadaman Mada, cikin Bauchi. Yana da wata tsohuwar Peugeot 504, irin waɗanda aka soma haɗawa a Kaduna cikin 1975. Da ita ya ke jigilar fasinja zuwa Jos, da ita kuma ya ke ci da iyalinsa. To, sai motar nan ta tsiro da wani hali. Kullum da safe ya kan cika lagireto, kafin ya je Jos ya komo ruwa ya ragu da wajen kwalba biyu. A duba inda ta kwana, ko ɗigo babu. Wani makaniki ya ce lalle sai an sauke kan injin, ya kuwa yanka kuɗin da ya kusa kai cinikin wata guda. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan makaranta, gaya mini inda ruwan nan ya ke tafiya."

Ban iya amsawa ba ran nan. Amma da na zauna na tuna darasinmu na tafasar ruwa, sai na ga ashe amsar tana ciki.

Ruwa ya kan tafasa a digiri 100 na Salshiyos a bakin teku. In ƙasa ta yi tudu, nauyin iska ya ragu, sai ya tafasa tun bai kai haka ba. Bauchi ta haura mita 600 bisa teku, Jos kuwa wajen mita 1,200, watau a can ruwa ya kan tafasa a kimanin digiri 96. Injin da ke aiki zafinsa ya kan kai digiri 90 ko ya ɗara. Kun ga tazarar ba ta da yawa, balle mota ta ɗauko kaya tana hawa daga Tilden Fulani zuwa Jos da rana tsaka.

Abin da ke hana ruwan tafasa shi ne murfin lagireto, wanda mutane su ke ɗauka marfi ne kawai kamar na tulu. A cikinsa akwai sifirin da roba, su ne ke danne ruwan. A yawancin motoci dannewar nan ta kan sa ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. In robar ta tsage, ko sifirin ya saki, sai ruwa ya riƙa tafasa yana bin wani siririn tiyo da ke wuyan lagireto yana zuba a kan hanya. Ba ya zuba sai mota tana gudu. Don haka mai ita ba ya ganin kome a gida.

Na buɗe murfin kawu da sassafe, injin yana sanyi. Wannan kuwa wajibi ne, 'yan'uwa: kada wanda ya buɗe lagireto da zafi, gama ruwan zai yi tsartuwa ya saluɓe masa fuska. Na tarar robar ta bushe ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani.

Duk da haka ban saki jiki ba, don ruwa yana da waɗansu hanyoyin ɓuya. Wani lokaci tiyo ya kan yi ɗan huji, ruwa ya ɗiga kan injin mai zafi ya bushe nan take. Alamarsa ita ce wani fari-farin gari ko tsatsa a bakin tiyon. Famfon ruwa ma yana da ɗan rami a ƙarƙashinsa, wanda ke tsatsafo in robarsa ta ci. Sa'an nan a taɓa shimfiɗar ƙafa ta gaba, ko da danshi, gama tiyon hita yana shiga can ko ba a taɓa kunna ta ba. Makaniki mai kayan aiki yana da wani ɗan famfo da ya ke ɗaurawa a bakin lagireto ya hura iska. In allurar ta riƙa sauka, to, akwai inda ke yoyo.

Hanya mafi muni ita ce wadda makanikin nan ya zata, watau gasket ɗin kan injin ya ƙone, ruwa yana shiga ciki. Amma wannan ba ya rasa shaida. Farin hayaƙi ya kan yi ta fita daga salansa ko bayan injin ya ɗumama. Kada a ruɗe da ɗan tururin safiyar hunturu, wannan ba ya daɗewa. A zaro sandar awon baƙin mai, in ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi. A tada injin tun yana sanyi, murfi a buɗe, a ga ko kumfa tana tasowa ba fasawa. In kuma an kwance fulogogi aka ga ɗaya ya fi sauran haske kamar an wanke shi, tururi ne ya wanke shi. Motar kawu ba ta nuna ko ɗaya ba. A ganina makanikin ba cuta ya yi niyya ba, ya dai fara ne daga abu mai tsada.

Muka sayi sabon murfi mai lamba daidai da wadda ke rubuce a kan tsohon. Muka zubar da ruwan rijiyar da kawu ya saba ɗurawa, don gishirin cikinsa ya kan daskare ya toshe ramukan lagireto, kamar yadda ya ke yi a gindin buta. Muka zuba ruwan sanyaya injin na gwangwani, wanda ke hana tsatsa. Shi fa yana da zaƙi amma dafi ne, a kawar da shi daga yara da awaki. Kawu ya so ya fasa ɗanyen ƙwai a ciki, wai haka waɗansu direbobi su ke liƙe yoyo. Na roƙe shi ya bari, domin ƙwan ba ya sanin ramin da ya kamata ya toshe.

Na sa ya yi alama a wuyan lagireto, yana dubawa kowace safiya kafin ya tada mota. Ya yi sawu 6 zuwa Jos kafin in komo makaranta, ruwa bai sauka daga alamar ba.