Tun Kafin Jini Ya Zuba: Abin Da Za Mu Koya Daga 'Yan Kweka Wajen Sulhu

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Duk wanda ya zauna a ƙasar Gadarif ya san cewa da zarar ruwan sama ya ɗauke, dawa ta fara nuna, an shiga yankan riɗi, to hankalin manomi da na makiyayi ba ya kwanciya. A lokacin ne garkunan raƙuma da shanu da tumaki suke gangarowa daga Buɗana zuwa kudu neman ruwa da ciyawa, alhali amfanin gona yana tsaye ba a kwashe ba. Kwana ɗaya tak dabbobi za su yi a gonar mutum su cinye wahalar shekara. Daga nan sai cacar baki, sai sanda, a zamanin nan kuwa sai bindiga.

Wannan matsala tana da asali. Tun wajen 1945 aka fara noman tarakta a Gadambaliya, daga nan manyan gonaki suka yi ta faɗaɗa har suka ci burtali da makiyaya da bakin tafkuna. Dokar ƙasa ta 1970 ta mai da duk filin da ba shi da rajista mallakar gwamnati, sannan a farkon shekarun 1970 gwamnatin Numairi ta rushe mulkin gargajiya na nazirai da umdodi, waɗanda a da su ne ke buɗe burtali su kuma yanke ɓarna. Ko da yake daga baya an maido da su, ƙarfinsu bai koma kamar da ba. Mu Hausawa da muke noma da su a bakin kogin Rahad da Atbara da Sitit, muna kuma kasuwanci a cikin gari, mun sha ganin yadda ƙaramar magana ke zama babba.

A watan Mayu na 2019 an yi rikici a cikin garin Gadarif tsakanin Nuba da Bani Amir, wanda ya faro daga saɓani kan ruwa, aka rasa rayuka. A watan Yuli na 2022 kuwa abin ya zo kanmu a jihar Nil Azrak, inda aka kashe mutum fiye da 100 a faɗan Hausawa da maƙwabtansu kan ƙasa da sarauta, aka sake kashe fiye da 150 a yankin Wad al-Mahi a watan Oktoba. Bayan haka yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, mutanen Khartum da na Wad Madani da na Sinja suka kwararo Gadarif, gari ya cika, makamai suka yawaita a hannun jama'a. Saboda haka ne muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu labarin waɗansu mutane da suka shafe shekara fiye da 350 suna wannan aiki na kashe wuta tun tana ƙarama.

Su wane ne 'yan Kweka?

Wata ƙungiya ce ta Kirista da ta taso a Ingila wajen 1650 a ƙarƙashin wani mutum mai suna George Fox. Su da kansu suna kiran ƙungiyar tasu Jama'ar Abokai. A 1660, bisa lissafin kalandarsu ta lokacin, suka rubuta wa Sarki Charles na Biyu takarda cewa su ba za su ɗauki makami su yaƙi kowa ba. Sun sha ɗauri a kan aƙidarsu. A 1947 aka ba ƙungiyoyinsu biyu na agaji, ta Ingila da ta Amurka, kyautar Nobel ta zaman lafiya, saboda ciyar da mayunwata da suka yi a yaƙe-yaƙen Turai ba tare da sun tambayi ɓangaren da mutum yake ba. A Afirka sun fi yawa a ƙasar Kenya, inda suka kafa tasharsu a Kaimosi a 1902.

Addininmu daban, nasu daban, kuma ba kowa ne a cikinmu zai yarda da su cewa babu halin da ya halatta ɗaukar makami ba. Amma dabarar sulhu ba ta da ƙabila. Mu ma mun san yadda Manzon Allah (SAW), tun kafin a aiko shi, ya raba gardamar Ƙuraishawa kan ɗora Hajarul Aswad: ya shimfiɗa mayafi, kowace ƙabila ta kama gefe, kowa ya tafi da girmansa.

Aikinsu a yaƙin basasar Nijeriya

Abin da ya fi kusa da mu a tarihinsu shi ne yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970. Mutum uku daga cikinsu, Adam Curle da John Volkmar da Walter Martin, sun yi ta kai da kawowa tsakanin Janar Yakubu Gowon a Legas da Ojukwu a ɗaya ɓangaren. Ba su da soja, ba su da kuɗin da za su ba kowa, ba su kuma magana da 'yan jarida. Aikinsu shi ne su zauna su saurari kowane shugaba har ya gama, su kai saƙo kamar yadda aka ba su, ba ƙari ba ragi, su kuma gaya wa kowanne irin tsoron da ke zuciyar abokin gabarsa.

Gaskiya ita ce ba su ne suka tsai da yaƙin ba. A fagen fama ya ƙare a watan Janairu na 1970. Amma an yi ta fargabar za a yi kisan ramuwa bayan nasara, sai ga shi Gowon ya yi shelar cewa babu wanda ya ci babu wanda aka ci. Masu nazarin wannan tarihi suna ganin cewa irin waɗannan 'yan saƙo, da suka hana ƙofar magana rufewa har tsawon yaƙin, suna da ɗan rabonsu a wannan sassauci. Curle ɗin nan shi ne ya zama farfesa na farko na nazarin zaman lafiya a Jami'ar Bradford a 1973. Daga cikin abin da ya koyar akwai maganar da ta shafe mu ƙwarai: in ɓangare ɗaya ya fi ƙarfi nesa, ɗayan kuma ya yi shiru don tsoro, to ba a samu zaman lafiya ba tukuna. Sai an fara gyara rashin adalcin sannan sulhu zai riƙe.

Yadda suke zama da yadda muke zama

In 'yan Kweka za su yanke shawara, sukan fara da yin shiru na ɗan lokaci. Kowa ya yi magana sau ɗaya, ba a katse shi, ba a kuma jefa ƙuri'a, domin a ganinsu ƙuri'a takan bar waɗanda aka kayar da ƙulli a zuci. Magatakarda yakan rubuta abin da aka amince a nan take, ya karanta wa kowa ya ji kafin a tashi. Bugu da ƙari, a 1975 waɗansu fursunoni a gidan yarin Green Haven na jihar New York suka nemi 'yan Kweka su taimaka musu wajen koya wa matasa yadda za su kauce wa faɗa. Daga nan aka samu wani horo na kwana uku, inda ake gwada rigima kamar wasan kwaikwayo a nemi mafita, wanda ya bazu har Ruwanda da Kenya da Nijeriya.

Mu ma ba hannu sake muke ba. A Sudan akwai judiyya, inda ajawid, wato dattawan kirki, suke shiga tsakani. A gabas akwai galad na mutanen Bija, alkawarin tsagaita wuta har a zauna. A al'adarmu kuma akwai zauren mai unguwa da liman da sarkin Hausawa. Sai dai in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawanci ba a kiran ajawid sai an yi gawa, zaman kuma yakan ƙare a kan diyya da yankan sa, a bar maganar burtali da rijiya yadda take. Samarin da ke riƙe da sanda ba a jin ta bakinsu, matan da ke layin ruwa, inda rigimar kan faro, ba a gayyatarsu.

Abin da za mu iya yi

Na farko, kowane ƙauye da ke kan hanyar dabbobi ya zaɓi mutum uku ko huɗu da aka sani da gaskiya da riƙon asiri, su je su gai da shugabannin makiyaya tun kafin kaka, a san juna, a yi musayar lambar waya, a tsai da ranar da za a gama girbi da inda garke zai bi ya sha ruwa. Zumunta a ƙafa take.

Na biyu, in ɓarna ta auku, kada mai gona ya kama dabba ya yanka ko ya dake yaron kiwo. A kira waɗannan mutane su duba gonar da idonsu tare da wakilin makiyaya a ranar, a ƙiyasta asarar, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Na uku, ɗan saƙo ya kai magana yadda aka faɗe ta, ya kuma kame bakinsa a kasuwa. Labarin da aka turo ta WhatsApp ko Facebook cewa an kashe wane a wuri kaza, kada a tura shi gaba sai an buga waya an tabbatar. A 2022 mun ga irin wutar da jita-jita ta hura.

Na huɗu, a ba samari da mata wurin zama a kwamitin unguwa, a kuma jawo baƙin da yaƙi ya koro, domin wanda aka saurara ba ya saurin ɗaukar makami.

Na biyar, haƙƙinmu na 'yan ƙasa, ko na takardar shaida ne ko na gona, mu neme shi a fili ta hannun nazirai da hukuma da kotu, da hujja a rubuce. Kakanninmu sun zauna a ƙasar nan tun zamanin masu tafiya hajji a ƙasa, da waɗanda suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Ba mu da inda ya fi nan, maƙwabtanmu ma haka.

Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Muna roƙon dattawanmu da limamanmu su ɗauki wannan magana tun damina ba ta ƙare ba. Allah ya kawo mana ƙarshen yaƙi, ya ba mu kaka mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.