Kwasakwasa a Fadamun Haɗejiya

Kwasakwasa babban tsuntsun ruwa ne mai jaka a ƙarƙashin baki, wadda yake kwasar kifi da ita. Sunansa ma yana bayyana aikinsa. Mai son ganinsa daga ƙasar Kazaure sai ya nausa gabas, zuwa fadamun Haɗejiya da Nguru, da rani, sa'ad da ruwa ya ja, kifi ya taru. Mai ɗaukar hoto kan yi sammako, ya laɓe daga nesa, domin tsuntsun ba ya son motsi.

Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, ambaliyar da ke rayar da fadamun ta ragu. In kuwa tsuntsu ya ƙaura, sunansa kan ɓace daga bakin yara.