Abin da Duna yake ji daga zaure

Mun kawo Duna ne saboda awaki, bayan an sace mana akuya biyu a damina ɗaya. Kare ne mai haƙuri. Yara su faɗo gida da gudu, ko kunne ba ya ɗagawa. Mai garuwa ya shigo, sai dai ya bi shi da ido. Amma ranar da Kawu ya zo daga Kaduna, saura ƙiris ya yaga masa babbar riga.

Rigar na fara zargi. Sai ga maƙwabcinmu ya zo da 'yar shara, shi ma Duna ya taso masa. Inna ta ce maza ne ba ya so. To, mai garuwa fa?

Wata Juma'a ina zaune a tsakar gida, na ga gashin bayan Duna ya miƙe, ya fara gurnani, alhali ba wanda ya shigo. Sallama kawai aka yi daga zaure. Nan na gane: yara ba sa tsayawa yin sallama, mai garuwa kuwa "Ga ruwa!" yake cewa.

Me ya haɗa kare da sallama? Mu ne. Da an yi sallama sai ihu ya tashi, "A ɗaure kare!", a fizge shi da sarƙa zuwa bayan gida don kada ya shinshina tufafin baƙo. Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya sami kyautar Nobel a 1904, ya lura karnukansa suna zubar da yawu da jin takun mai kawo musu abinci. Duna kuwa sarƙa yake ji a cikin sallama.

Muka daina ihun, muka daina dukansa kan gurnani, domin gurnani gargaɗi ne. Karen da aka hana shi gurnani yakan yi cizo ba sanarwa. Ƙanena ya riƙa yin sallama daga nesa, ƙasa-ƙasa, ni kuma in jefa wa Duna tsokar nama a kan tsohon buhu a gindin dalbejiya, in ce "Kwanta." Kullum ƙanena yana ƙara matsowa kaɗan. Ranar da Duna ya yi gurnani, mun yi gaggawa ke nan, sai mu koma baya.

Da Kawu ya dawo da Babbar Sallah, ya yi sallama. Duna ya yi haushi sau biyu, ya nufi buhunsa ya kwanta, yana kallon hannuna.