Gyara Kayanka Ba Sauke Mu Raba Ba Ne: Yadda Ake Duba Haɗaɗɗen Hoto a Ƙungiya

A ƙungiyoyin masu sha'awar ɗaukar hoto, musamman na Birtaniya inda al'adar ta daɗe da kafuwa, akan keɓe wani dare don duba ayyukan 'yan ƙungiya. Kowa ya kawo hotonsa a kafa shi a gaban jama'a, sa'an nan alƙali ko sauran 'yan'uwa su faɗi abin da suka gani. In hoton tsuntsu ne ko na dutse, magana ba ta yin nisa. Gardama tana tashi ne sa'ad da aka kawo haɗaɗɗen hoto, watau wanda aka harhaɗa daga hotuna da dama, aka ɗauko gajimare daga nan, mutum daga can, har suka zama hoto guda.

Mutane da yawa suna zaton kwamfuta ce ta kawo wannan dabara, alhali kuwa ta girmi manhajar Photoshop, wadda ta fito a 1990, da shekara fiye da 130. Larura ce ma ta haife ta. Gilashin da ake ɗaukar hoto a kansa a wancan zamani yana kama shuɗin haske fiye da kima, saboda haka in an daidaita na'ura don ƙasa ta fito sosai, sai sama ta fito fari fat. Wannan ya sa Gustave Le Gray na Faransa, wajen 1856 da 1857, yakan ɗauki teku dabam, sama dabam, ya haɗa dodon hoton biyu a takarda guda.

A 1857 Oscar Rejlander, haifaffen Suwidin mazaunin Ingila, ya nuna wani babban hoto a baje kolin fasaha na Manchesta, wanda ya haɗa daga dodon hoto fiye da 30. A ciki ana ganin wani dattijo tsakanin samari biyu, ɗaya ya karkata ga caca da giya da sharholiya, ɗaya kuwa ga ibada da aiki da taimakon jama'a. Sarauniya Biktoriya ta sayi kwafi, amma ƙungiyar masu hoto ta Sikotland ta ƙi kafa shi saboda tsiraicin da ke ɓangare guda. Shekara ɗaya bayan haka Henry Peach Robinson ya haɗa dodon hoto 5, ya fitar da hoton wata yarinya kwance tana gaɓar mutuwa, danginta kewaye da ita. Da ya bayyana wa ƙungiyar Sikotland yadda yake aikinsa a 1860, sai aka yi masa ca da suka, wasu suna ganin an yaudare su.

Robinson bai karaya ba, har ya wallafa littafi a kan tsara hoto a 1869. Amma ba kowane ɗan koyo ke da irin zuciyarsa ba. Wanda ya faɗi gaskiyar yadda ya yi aiki aka yi masa dariya, gobe ko dai ya ɓoye dabararsa, ko kuwa ya daina zuwa, ƙungiya kuma ta yi hasara ta ko'ina. Abin da ya rikita magana a wancan lokaci shi ne an cuɗa tambayoyi uku wuri guda, kuma har yanzu mai duba hoto ba zai amfani kowa ba sai ya rarrabe su.

Ta farko ita ce ko hoton ya shiga rukunin da ya dace. A rukunin labarai da na namun daji ba a yarda a ƙara ko a cire kome ba, domin shaida ake nema. A gasar World Press Photo ta 2015 an fitar da kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagaye na kusa da ƙarshe saboda an taɓa su fiye da ƙa'ida. A rukunin ƙirƙira kuwa haɗi halal ne, sai dai yawancin ƙungiyoyi suna sharaɗin kowane yanki ya zama mai hoton ne ya ɗauke shi da kansa. Da zarar an warware wannan, ba sauran dalilin cewa hoton ƙarya ne.

Ta biyu ita ce ingancin aikin hannu, a nan ne kuwa ake son mai duba ya nuna wuri da yatsa. Ya duba inda haske ya fito: in fuskar mutum tana da haske ta hagu, gajimaren bayansa kuwa ta dama, to, rana biyu ke nan a hoto ɗaya. Ya duba inuwa, domin mutumin da aka dasa ba tare da inuwa a ƙarƙashin ƙafarsa ba sai ya yi kamar yana shawagi. Ya duba ko an ɗauki wani yanki daga sama, wani daga ƙasa, da ko girman abubuwa ya yi daidai da nisansu. Ya duba bakin haɗi, musamman wajen gashi da ganyen itace, inda farin layi yakan tona asiri. Cewa hoto bai yi kyau ba ba ya koya wa kowa kome. Cewa inuwar doki ta saɓa da ta mahayinsa aiki ne da za a iya gyarawa kafin taro na gaba.

Ta uku ita ce ko hoton ya isar da abin da mai shi ya yi nufi. Don haka ya kamata a fara da tambayarsa manufarsa, gama wanda ya sa kifi yana tashi a sama da gangan bai yi kuskure ba. Sa'an nan a faɗi abin da ya yi daidai tare da dalili, a zaɓi gyara ɗaya ko biyu mafi muhimmanci, a bar sauran sai wani lokaci. Alƙalin da ba ya son irin wannan hoto ya kamata ya bambanta ra'ayinsa da aibin aiki.

Shi ma mai hoto akwai nasa. Ya zo da hotunan asali domin a gwada, ya saurara har a gama, ya rubuta abin da aka faɗa. In mutum uku suka tsaya a wuri guda a cikin hoton, to, wurin nan yana bukatar a koma masa.