Taron Tsofaffin Motoci a Gaydon da Jita-jitar Shekarar 2030

Tun daga watan Nuwamban 2020, sa'ad da gwamnatin Birtaniya ta zamanin Boris Johnson ta ba da sanarwar wa'adin da ta ɗibar wa motocin fetur da na dizal, wata magana ta shiga bakin jama'a, tana yawo daga gareji zuwa tasha, daga tasha zuwa majalisun hira, cewa wai da zarar shekarar 2030 ta kama, duk motar da ke shan mai a Ingila za a haramta mata hawa titi, masu ita kuwa ba su da zaɓi sai su kai ta bola, ko su loda ta a jirgin ruwa a kawo mana Kwatano da Legas mu saya a araha. Saboda haka idan hotunan tarurrukan da masu tsofaffin motoci kan yi a gidajen tarihi na can suka faɗo cikin wayoyin mutane, aka ga ƙananan motocin gudu masu kujera biyu, buɗaɗɗun kai, ja da kore da ruwan madara, an jera su sahu-sahu a fili, sai wani ya ce ai taron ban kwana ne, wani kuma ya ce almubazzaranci ne na dattawan Turawa da suka rasa abin da za su yi da dukiya. Duka fassarorin biyu kuskure ne, na farkon kuwa ya fi muni, domin an gina shi a kan nassin da ba a karanta ba.

Abin da hukuncin ya ƙunsa shi ne hana sayar da sabuwar mota, fitowar masana'anta, wadda ke aiki da fetur ko dizal zalla. Bai taɓa motar da ta riga ta shiga hannun mutane ba, ko ta fuskar tuƙa ta, ko sayar da ita hannu na biyu, ko sayo mata mai. Hakika hukumomin da kansu suna da kamasho a cikin ruɗanin, domin a watan Satumban 2023 Firaminista Rishi Sunak ya ɗaga wa'adin zuwa 2035, sa'an nan gwamnatin da ta gaje shi ta mayar da shi 2030. Hukumar kuwa da ta yi magana uku a kan mas'ala guda cikin shekara biyar, bai kamata ta yi mamaki ba in talaka ya ƙara ta huɗu daga aljihunsa. Mai zaman jiran jirgin araha kuma sai ya tuna cewa sitiyarin motocin Ingila a dama yake, alhali Nijeriya ta sauya hannun tuƙi tun 1972, dokar hanya kuma ba ta maraba da irinsu.

Wanda ya duba dokokin ƙasar da idon basira ma zai tarar tsohuwar mota ita ce 'yar gata. Duk wadda ta haura shekara 40 da ƙerawa, aka yi mata rajista a rukunin motocin tarihi, an ɗauke mata harajin hanya. Tun watan Mayun 2018 kuma an ɗauke mata wajabcin gwajin lafiya na shekara-shekara, bisa sharaɗin ba a yi mata wani babban sauyi ba. Har a birnin Landan, inda tun watan Agustan 2023 aka faɗaɗa dokar da ke cajin mota mai hayaƙi fam 12.50 a kowace rana zuwa dukkan unguwanni, motar tarihi tana wucewa ba ta biya ko sisi. Hujjar masu doka ita ce waɗannan motoci ba su cika fita ba: binciken da tarayyar ƙungiyoyin masu motocin tarihi ta ƙasar ta fitar a 2020 ya nuna cewa, a matsakaicin lissafi, kowacce ba ta wuce tafiyar mil 1,200 a shekara, abin da direban haya tsakanin Kano da Abuja zai cinye cikin mako guda. Sai dai ɗauke gwajin lafiya abu ne da mai hankali zai yi wa tambaya, tun da birki ba ya sanin shekarun mai taka shi. Kuma abin yabo ne cewa da yawa daga cikin masu motocin suna kai su gwajin don kansu, ba tare da kowa ya tilasta musu ba.

Ɗaya daga cikin wuraren da ake irin waɗancan tarurruka shi ne Gaydon, wani ƙauye a gundumar Warwickshire, a tsakiyar Ingila, inda aka buɗe gidan tarihin motocin Birtaniya a 1993, wanda a yau yake riƙe da motoci fiye da 400. A cikinsu akwai wata motar kamfanin MG ta 1925 da masoyan kamfanin ke girmamawa a matsayin kakar zuriyar, shi ya sa ƙungiyoyin masu MG, waɗanda babbarsu a shekaru aka kafa tun 1930, suke yawan sa ranar haɗuwarsu a harabar gidan. Galibin abin da ke cika filin ita ce samfurin MGB, wadda aka ƙera a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, guda fiye da 500,000, aka kuma sayar da mafi yawansu a Amurka. Mota ce mai sauƙin sha'ani, injinta silinda huɗu, kafireta biyu, babu kwamfuta a jikinta ko ɗaya, ta yadda mai sifana da haƙuri zai iya kwance ta ya ɗaura a bayan gidansa.

Idan hantsi ya yi, motocin sun gama shigowa, kowa ya tsaya inda aka nuna masa, abu na farko da mai mota zai yi shi ne ya ɗaga murfin inji ya tokare, domin a wannan majalisa fenti ba ya wadatarwa. Nan za ka ga dattijo ya kwance ɗan murfin da ke saman kafireta yana duba ko man da ke ciki ya yi ƙasa, wani ya karkata kunne yana sauraron ko kafiretocin biyu suna numfashi daidai, wani kuma, wanda ke da niyyar saye, ya durƙusa yana shafa ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, inda tsatsa ta fi cin wannan mota, har ya fito da ɗan maganaɗisu daga aljihu ya manna: in ya kama, ƙarfe ne, in ya zame, an cike rami da fila an shafe da fenti. Hirar da ake yi duk ba ta wuce wa ya san mai gyaran giya nagari, wa ke da ragowar fitilar baya ta ƙirar 1967, wane irin mai ne bai dace da tsohon tiyo ba.

Gidan tarihin kuma yana da wata fa'ida da ta fi baje koli, domin a can aka adana kundayen masana'antun da suka rufe, waɗanda magatakarda suka riƙa cikawa yayin da motoci ke fita. Mutum zai aika da lambar shasin motarsa, a bincika kundi, a rubuto masa takardar shaida mai ɗauke da ranar da aka ƙera ta, da launin da ta fito da shi, da inda aka aika ta. Da wannan takarda ake tabbatar da nasabar mota, a rarrabe sahihiya da wadda aka harhaɗa, kuma da ita ake kafa hujjar shekaru a gaban hukuma. Masana'antar Abingdon ta rufe tun watan Oktoban 1980, sunan MG kansa ya koma hannun wani kamfanin ƙasar Sin da ke ƙera motocin lantarki, amma rubutun magatakarda yana nan yana ba da shaida.

Yanzu sai mas'alar da ta fi wuyar shiga kan mutane, wato dalilin da ya sa ake wahalar tuƙo waɗannan motoci daga nesa, maimakon a lulluɓe su a ɗaki a huta. Mu a nan mun saba ɗaukar cewa tafiya ce ke cinye mota, ajiya kuwa tana tsare ta, alhali a wajen tsohuwar mota zama ya fi tafiya illa. Man birki yana jan laima daga iska, in ya daɗe ba a motsa shi ba sai ruwan ya kwanta ya ci silindar birkin daga ciki. Robobin da ke tare mai suna bushewa su tsage in mai bai ratsa su ba. Fetur ɗin da ya kwana watanni a tanki yana lalacewa ya zama danƙo ya toshe kafireta. Kuloci yana mannewa, batir ya mutu, taya ta lotsa ta gefen da ta zauna a kai, raɓa kuma ta taru a salansa ta huda shi. Ko tayar da inji na minti biyar a tsaye ba ya magani, sai an yi tafiyar da baƙin mai zai yi zafi sosai ya kore ruwan da ya shiga cikinsa. Misalinta misalin gidan ƙasa ne: wanda ake kwana a cikinsa, ana hura wuta, ana yi masa yaɓe kafin kowace damina, yana iya ganin jikoki da tattaɓa kunne, wanda aka kulle aka tafi kuwa, ko da ya fi shi kyan gini, damina uku ta isa ta kwantar da shi. Taron Gaydon, in an bi asalinsa, dalili ne da masu mota suka ƙirƙiro wa kansu na fitowa da ita, da gyara ta kafin ranar, da kai ta gaban idon waɗanda za su ga aibin da mai ita ya saba da shi har ya daina gani.

Ba yau ne aka fara yi wa waɗannan motoci jana'iza tun suna da rai ba. Da aka janye fetur mai darma daga gidajen man Birtaniya a farkon shekarar 2000, saboda cutar da darma ke yi wa ƙwaƙwalwar yara, an ce ƙarshensu ya zo, domin darmar ce ke kare mazaunin bawul daga cinyewa. Ƙungiyoyin suka bi abin a hankali, suka gano cewa in an sa wa kan inji mazauni na ƙarfe mai tauri, ko aka riƙa ɗiga wani sinadari a tanki, magana ta ƙare. Haka kuma a watan Satumban 2021, da aka mayar da fetur mai kashi 10 cikin 100 na itanol ya zama na yau da kullum, tsoro ya sake tashi, kuma wannan karon da ɗan dalili, tun da itanol yana jan ruwa, yana kuma cin tsohuwar roba da wasu ƙarafa masu laushi. Maganin bai wuce a sauya tiyo da robobi da irin na zamani ba, ko a sayi fetur mai tsada wanda itanol ɗinsa bai haura kashi 5 ba, wanda aka bar shi a kasuwa. Wanda ya tuna abin da gurɓataccen fetur mai yawan metanol ya yi wa injuna a Nijeriya a watan Fabrairun 2022 ya san cewa abin da ke cikin mai ba wasa ba ne. Bambancin kawai shi ne can an sanar da jama'a tun kafin man ya iso famfo.

Zargin almubazzaranci kuma lissafi ya isa ya amsa shi. Binciken nan na 2020 ya ƙiyasta cewa sha'anin motocin tarihi yana juya fam biliyan 7.2 a shekara a Birtaniya, yana kuma ciyar da ma'aikata kimanin 34,000: makanikai, da masu walda, da masu ɗinkin kujera, da masu fenti, da 'yan koyo. Tun 1988 wani kamfani ya tattaro ainihin injunan da aka riƙa buga bodin MGB da su, ya ci gaba da buga sabo ga duk wanda tsatsa ta cinye nasa. A Beaulieu kuwa, inda Lord Montagu ya fara nuna motoci biyar a zauren gidansa a 1952, har abin ya zama gidan tarihin motoci na ƙasa a 1972, ana cin kasuwar tsofaffin kayan gyara tun 1967, mutane na zuwa daga ƙasashe dabam-dabam neman ƙusa guda ko madubi guda. Dukiyar da ke raya sana'ar hannu, tana kuma tsare ilmin da zai bace in masu shi sun ƙaura, ba a kiranta israfi.

A nan ne maganar ta dawo gida. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma samfurin 504 da ya fito daga can ya yi shekaru yana ɗaukar gwamnoni da alƙalai da amare da fasinjojin tasha, har ya zama wani yanki na tarihin ƙasar nan. Faransawa sun ajiye nasu a gidan tarihin kamfanin da ke Sochaux. Namu kuwa galibinsu sun ƙare a bayan ofisoshi, tayoyi a sace, kaji na ƙwai a kujerar baya, har ranar da 'yan gwangwan za su zo da guduma a auna a kilo. Motar da jama'a suka fi sani a gidan tarihi a ƙasar nan ita ce Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, wadda ke Legas, ita ma musiba ce ta kai ta can. Ba gwaninta muka rasa ba, domin wanda ya shiga Panteka a Kaduna ya ga abin da maƙera ke fitarwa daga guntun ƙarfe ya san hannun yana nan. Abin da muka gaza a kai shi ne riƙon amana: ajiye takarda, da sauya baƙin mai a kan lokaci, da haɗuwa a ƙungiya don wani abu da ba siyasa ba.

Saboda haka duk wanda Allah ya sa mahaifinsa ya bar masa tsohuwar 504 ko 404 a gida, kada ya yi gaggawar kiran mai sikeli. Ya nemi takardunta ya adana, ya rubuta lambar shasinta da ta inji, ya samo tsohon bakanike tun irinsu ba su ƙare ba, ya kuma riƙa fitar da ita tana shan iska ko da sau biyu ne a wata. Hukumomin da ke kula da kayan tarihi su ma ya kamata su tuna cewa abin da ake harhaɗawa a Kaduna shekara 50 da suka wuce ya riga ya zama tarihi, kuma kowace rana ana narkar da shi.